Azur Air: jirgin shatar da ke kai iyalan Rasha neman rana

A watan Janairu, a biranen Novosibirsk da Krasnoyarsk da ke yankin Saiberiya na ƙasar Rasha, sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Gari ba ya wayewa sosai sai bayan ƙarfe tara na safe, wajen biyar na yamma kuma duhu ya sake rufewa. Uwa ba ta isa ta fita da ɗanta ko ƙofar gida ba sai ta naɗe shi da riga kan riga, da hula, da safar hannu, da takalmi mai gashi a ciki. Haka za a yi ta fama har wajen wata biyar. A irin wannan lokaci ne filayen jiragen sama na waɗannan birane ke cika da iyalai, iyaye mata suna tuɓe wa yara manyan rigunan sanyi suna cusawa cikin akwati, domin nan da awa bakwai ko takwas za su sauka a tsibirin Phuket na ƙasar Tailan, inda zufa ake yi.

Da yawa daga cikinsu jirgin kamfanin Azur Air suke shiga. Sunansa bai yi tashe a wajenmu kamar na Aeroflot ba, amma yana cikin manyan kamfanonin jiragen shata na Rasha, kuma sana'arsa kusan guda ce: ya kwashi masu zuwa hutu ya kai su bakin teku, bayan kwana goma ko mako biyu ya koma ya ɗebo su. Lokacin zafi Turkiyya, lokacin sanyi Masar da Tailan. Har tsibirin Zanzibar na Tanzaniya ya taɓa yin jigila a kai a kai, a hunturun 2020 zuwa 2021, lokacin da annobar korona ta sa ƙasashe da yawa suka rufe ƙofofinsu.

Wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da hutun Rashawa? Dalilin shi ne, mafi yawan iyayenmu da kakanninmu da suka sauke farali, jirgin shata ne ya kai su ya dawo da su. Tsarin iri ɗaya ne, amfaninsa da rauninsa duk iri ɗaya ne, kuma a Rasha an ga ƙarshen wannan rauni fiye da sau ɗaya cikin shekaru goma.

Shatar jirgi kamar shatar mota ce

Idan za a kai amarya wani gari, akwai hanya biyu. Ko kowa ya je tasha ya biya kuɗin kujerarsa, ko kuma mutum ɗaya ya yi shatar bas guda, ya cika ta da 'yan biki. Haka abin yake a sama. Jirgin jadawali yana tashi a rana da lokacin da aka tsayar, ko ya cika ko bai cika ba, kowa kuma da tikitinsa. Shi kuwa jirgin shata, kamfanin shirya tafiye-tafiye ne ke biyan kuɗin dukkan kujerunsa ko mafi yawansu tun kafin lokaci, sai ya haɗa kujerar da ɗakin otal, da abinci, da motar da za ta ɗauko mutum daga filin jirgi, da inshorar lafiya, ya sayar wa iyali a dunƙule kan farashi ɗaya.

Babban abokin cinikin Azur Air shi ne Anex Tour, kamfanin shirya tafiya mai tushe a Turkiyya. Shi kansa Azur Air da wani suna ya fara. A da ana kiransa Katekavia, ƙaramin kamfani ne mai jirage masu farfela da ke zirga-zirga tsakanin garuruwan yankin Krasnoyarsk. Wajen ƙarshen 2014 zuwa 2015 ne aka sauya masa suna da sana'a, aka cika shi da jiragen Boeing, aka juya fuskarsa zuwa bakin teku.

Sayen hutu a dunƙule tsohuwar al'ada ce a wajen Rashawa. Zamanin Tarayyar Sobiyet ƙungiyar ƙwadago ce ke ba ma'aikaci wata takarda da suke kira putyovka, wadda ke ba shi ɗaki da abinci da duba lafiya a gidajen hutu na Sochi ko Kirimiya. Da tarayyar ta rushe a 1991 aka buɗe iyakoki, sai takardar ta koma hannun 'yan kasuwa, inda ake zuwa kuma ya koma Antalya da Hurghada da Sharm el-Sheikh. Dokar ƙwadago ta Rasha ta ba ma'aikaci hutun kwana 28 a shekara, ga kuma hutun sabuwar shekara da ke cinye makon farko na Janairu gaba ɗaya. A 2019 kaɗai Rashawa wajen miliyan 7 ne suka ziyarci Turkiyya.

Abin da ya fi jan iyaye mata shi ne tsarin otal-otal na "komai a ciki". An biya tun daga gida, abinci sau uku, ga wurin wasan yara, ga ma'aikata masu jin Rashanci. Duk uwar da ta taɓa yin tafiya da yara uku tana lissafin abin da za su ci gobe, ta san darajar kwana goma ba tare da ɗora tukunya ba. Ni dai ban ga laifin mai son wannan ba.

Daga ina arahar take fitowa?

Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma arahar jirgin shata tana da dalilai na gaskiya, kuma ba duka ne abin tsoro ba.

Na farko, jirgin yakan tashi a cike. Tunda mai shirya tafiya ya riga ya biya kuɗin kujerar, duk wadda ta tafi babu kowa asararsa ce. Shi ya sa idan ranar tashi ta matso sai ya karya farashi. Rashawa na kiran irin wannan da "tafiya mai ci da wuta", akwai iyalan da ba sa sayen komai sai saura kwana biyu ko uku, akwatinsu a ɗaure.

Sai kuma cunkoso. Jirgin Boeing 767 da manyan kamfanonin jadawali kan sa wa kujeru ɗari biyu da 'yan kai, kamfanin shata yakan jera masa sama da 300. Ƙafa ba ta samun wurin miƙewa, hanyar tsakiya a matse, layin banɗaki ba ya yankewa. A tafiyar awa uku ana iya jurewa. Daga Mosko zuwa Phuket kuwa awa tara zuwa goma ce, da jariri a cinya.

Jiragen kuma ba sababbi ba ne. Boeing 757 da 767 su ne ƙashin bayan Azur Air, kuma tun 2004 aka daina ƙera 757, ke nan kowane ɗaya da ke tashi yau ya haura shekara ashirin. Tsohon jirgi ya fi sauƙin haya ko saye. A nan ina so mu fahimci juna, don mutane da yawa na ɗauka shekarun jirgi su ne haɗarinsa. A asibiti mun sha ganin dattijo ɗan shekara saba'in da ke zuwa awo a kan lokaci, yana shan maganinsa, ya fi wani ɗan arba'in da bai taɓa gwada jininsa ba ƙoshin lafiya. Jirgi ma haka ne. Ana sauya masa sassa bisa awannin da ya yi a sama, ana kwance shi a duba lokaci-lokaci. Muddin ana samun kayan gyara na gaskiya kuma ana bin ƙa'ida, tsufa ba ya kayar da shi. Sai dai kamar dattijon, yana buƙatar zuwa asibiti fiye da yaro, kuma duk zuwa ɗaya yana nufin wasu fasinjoji na zaune suna jira.

Wannan jira shi ne ainihin kuɗin da iyali ke biya. Jirgin da ya sauke mutane a Antalya da safe, shi zai kwaso wasu ya mayar Mosko, ya sake lodi zuwa Hurghada da daddare. Babu sarari a tsakani, kuma jiragen ko-ta-kwana kaɗan ne, domin jirgin da ke ajiye ba ya kawo kuɗi. Idan taya ɗaya ta ba da matsala a wani gari, jinkirin zai bi sahu har ya kai ga mutanen da ke wani gari daban waɗanda ba su san abin da ya faru ba. Ƙari a kan haka, filayen jirage sukan ba jiragen jadawali lokuta masu kyau, na shata su samu tsakar dare ko asubahin fari, kuma ana iya sauya lokacin tashi saura kwana ɗaya.

Dokar sufurin sama ta Rasha ta san da wannan, ta kuma yi tanadi da ya burge ni. Idan jinkiri ya wuce awa biyu, dole kamfani ya ba da abin sha. Ya wuce awa huɗu, abinci mai zafi. Ya wuce awa takwas da rana ko shida da dare, ɗakin otal da motar kai mutum. Mai ɗauke da yaron da bai kai shekara bakwai ba kuma tana da haƙƙin a ba ta ɗakin uwa da yaro kyauta. Ko ana cika wannan kullum wata magana ce daban, amma aƙalla uwa tana da abin da za ta nuna ta ce ga haƙƙina.

Kakar 2015

Ranar 31 ga Oktoba 2015 da sassafe, wani jirgin Airbus A321 na kamfanin Metrojet, wanda shi ma na shata ne, ya tashi daga Sharm el-Sheikh zuwa birnin Saint Petersburg. Masu dawowa daga hutu ne a ciki. Bayan kamar minti 23 ya tarwatse a sama ya faɗo a hamadar Sinai. Mutum 224 ne a ciki, fasinjoji 217 da ma'aikata 7, babu wanda ya tsira. Yara 25 ne, ƙaramarsu 'yar wata goma. Hoton wannan jaririya da mahaifiyarta ta ɗauka kafin tafiya, tana tsaye ta dafa gilashin filin jirgi tana kallon jirage, shi ne ya zama alamar makokin ƙasar baki ɗaya. Akwai gidajen da aka rasa uwa da uba da 'ya'ya a lokaci guda, aka bar kakanni.

Da farko an yi ta zargin lafiyar jirgin, saboda abin da mutane suka saba zato game da jiragen shata. Amma ranar 17 ga Nuwamba shugaban hukumar tsaron cikin gida ta Rasha, Alexander Bortnikov, ya sanar cewa bam ne aka dasa a ciki. Reshen ƙungiyar IS na Sinai ya riga ya ce shi ya aikata.

Tun ranar 6 ga Nuwamba gwamnatin Rasha ta dakatar da duk jiragen fasinja zuwa Masar. A lokacin akwai Rashawa kusan dubu 80 a can. Aka riƙa aika jirage babu kowa suna kwaso su, da sharaɗi guda: kowa ya shiga da jakar hannu kawai. Manyan akwatuna jiragen kaya ne suka biyo da su daga baya, bayan kwanaki. Ki tsaya ki yi tunanin wannan a matsayinki na uwa. Mutane sun bar gari mai zafi sun sauka a Rasha cikin Nuwamba, rigunan sanyin wasu na cikin akwatin da aka bari. Duk wanda ya ajiye maganinsa ko madarar jaririnsa a babban akwati, sai ya sake nema.

Ba a gama da wannan ba, ranar 24 ga Nuwamba sojojin Turkiyya suka harbo wani jirgin yaƙin Rasha a kan iyakar Siriya. Mosko ta mayar da martani da hana jiragen shata zuwa Turkiyya da hana sayar da tafiye-tafiyen hutu zuwa can. Cikin wata ɗaya, ƙasashe biyun da suka fi ɗaukar masu hutun Rasha duk sun rufe. A watan Oktoban nan dai kamfanin Transaero, na biyu a girma a ƙasar, wanda ya yi suna wajen kai masu hutu da manyan jiragen Boeing 747, ya durƙushe saboda bashi.

Turkiyya ta sake buɗewa a 2016 bayan shugabannin ƙasashen biyu sun sasanta. Masar kuwa an daɗe. Sai Afrilun 2018 aka koma zuwa Alƙahira, garuruwan bakin Bahar Maliya kuma sai Agustan 2021, kusan shekara shida.

Ranar da kuɗi suka ƙare

A Satumban 2017 wani kamfanin, VIM-Avia, ya nuna wata fuskar matsalar. Babu bam, babu yaƙi. Bashin mai da na filayen jirage ne ya taru har aka daina ba shi mai, aka riƙe wasu jiragensa a ƙasashen waje. Kamfanin ya sanar cewa ya daina jigilar shata. Dubun-dubatar mutane suka maƙale, da yawansu a Antalya, kwanakin otal ɗinsu sun ƙare, makarantu sun riga sun koma, kuɗin aljihu ya ƙare. Sai da wasu kamfanoni suka shigo aka riƙa kwaso su kaɗan-kaɗan. Abin ya kai Shugaba Vladimir Putin ya tsawata wa ministan sufuri na lokacin, Maxim Sokolov, a gaban kyamara.

Waɗannan mutane sun biya kuɗinsu cif. Yawancinsu ma ba su zaɓi VIM-Avia ba, wasu ba su san sunansa ba sai da suka ga takardar tafiya. Da mai shirya tafiya suka yi ciniki, shi ya zaɓo musu jirgi.

Bayan wannan hukumar kula da sufurin sama ta Rasha, Rosaviatsiya, ta matsa wa kamfanonin shata lamba. A farkon 2018 ta sa wa lasisin Azur Air wa'adi zuwa 20 ga Maris saboda kurakuran da ta ce ta gano wajen kula da lafiyar jirage da tsara tashi. Kamfanin ya yi gyare-gyare, aka janye wa'adin, ya ci gaba da aiki.

Sai kuma 2022. Da Rasha ta shiga yaƙi da Yukren, ƙasashen Turai da Amurka suka rufe mata sararin samaniyarsu, Boeing da Airbus suka daina sayar mata da kayan gyara da ba ta tallafin fasaha. A watan Afrilu ma'aikatar kasuwanci ta Amurka ta ambaci kamfanoni uku da suna, Aeroflot da UTair da Azur Air, ta haramta a ba su duk wani kaya ko hidima da ta fito daga Amurka. Ga kamfanin da duk jiragensa ƙirar Amurka ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Satumba kuma hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, ta sa wa Rasha jar alama kan batun sa ido a kan lafiyar jirage.

Tafiye-tafiyen Azur Air zuwa Kyuba da Jamhuriyar Dominika suka tsaya a lokacin. Hanyar Turkiyya ta ƙara tsawo saboda dole a kauce wa sararin yaƙi. Kayan gyara kuma, kamar yadda kafofin labarai da dama suka ruwaito game da kamfanonin Rasha gaba ɗaya, sai ta hannun wasu ƙasashe, ko a ciro daga wani jirgin a sa wa wani. A Fabrairun 2023 wani Boeing 767 na Azur Air ɗauke da mutum sama da 300 ya fasa tashi daga Phuket bayan wuta ta fito daga injinsa, taya kuma ta fashe a kan titin jirgi. Matuƙan sun tsayar da shi, ba wanda ya ji rauni. Iyalan Rasha dai ba su daina shiga ba. Sanyin Saiberiya bai ragu ba, kuma zaɓin da ke gabansu ya ragu.

Namu jiragen shatan

Dattawan Sakkwato ba su manta da 11 ga Yuli 1991 ba. Jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama wuta jim kaɗan bayan tashi, ya faɗi yana ƙoƙarin komawa filin jirgi. Mutum 261 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Tafiyar da sunan Nigeria Airways aka yi ta, amma jirgin, ƙirar DC-8, da ma'aikatansa na wani kamfanin shata ne na ƙasar Kanada mai suna Nationair. Bincike ya nuna cewa tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, an kuma san da hakan kafin tashi, amma gudun kada a makara ya sa aka tafi a haka. Tayoyin suka fashe a kan titi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar.

Wannan shi ne jadawali marar sarari da na yi magana a kai, a mafi munin kamanninsa. An samu ci gaba sosai tun daga lokacin, kuma yau hukumar alhazai ta NAHCON ce ke tantance kamfanonin jigila da ba masu shirya tafiyar Hajji da Umara lasisi. Duk da haka, kwanan sansanin alhazai ana jiran jirgi abu ne da kusan kowane gida ke da labarinsa.

Saboda haka idan maigida ko Hajiya ko ke kanki za ki biya kuɗin tafiya a dunƙule, akwai tambayoyin da ba rashin kunya ba ne a yi su. Wane kamfani ne ainihin mai jirgin? Tikitin dawowa an riga an yanke shi, ko sai an je can? Idan jirgi ya yi jinkiri kwanakin masauki suka ƙare, wa zai biya ƙarin? Mai shirya tafiyar yana da lasisi? A nemi amsar a rubuce. Wanda aikinsa ke kan ƙa'ida ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi.

Jakar hannu, da jikin mai tafiya

Yanzu bari in sa rigar aikina. Abin da ya faru da masu hutu a Masar ya isa hujja: duk abin da ba za a iya kwana biyu babu shi ba, a jakar hannu yake zama. Maganin hawan jini, na sukari, na asma, na farfaɗiya, da ƙarin na kwana uku ko huɗu a kan lissafin tafiyar, cikin kwalinsu na asali tare da takardar likita. Allurar insulin musamman ba a sa ta a babban akwati, don sanyin ɗakin kaya na iya lalata ta. Ga mai jariri, madara da kunzugu na yini biyu, da kayan sauyawa nata da nasa, da 'yan ƙunshin gishiri da sukari na ORS, domin sauyin ruwa da abinci kan kawo wa yara gudawa.

Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, kuma iskar shaƙa a ciki kamar ta wanda ke kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400 ce. Mai lafiya ba zai ji komai ba sai ƙishi da gajiya. Mai sikila kuwa, ko mai ciwon zuciya, ko mai ƙarancin jini sosai, ya ga likita tun kafin a yanki tikiti. Yaro mai sikila ya sha ruwa a kai a kai, a rufe shi da bargo, maganin ciwonsa na kusa.

Akwai wata ɗabi'a da na lura da ita a wajen iyayenmu mata: ƙin shan ruwa a jirgi don kada alwala ta karye, ko don kunyar ta da mutum biyu a wuce banɗaki. Don Allah a daina. Zama wuri ɗaya da ƙafa a lanƙwashe, ga ƙarancin ruwa a jiki, shi ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna haɗarin yakan ninka sau biyu idan zaman ya wuce awa huɗu. Ga yawancin mutane har yanzu ƙarami ne, amma ya fi yawa ga mai ciki, da wadda ta haihu cikin mako shida da suka wuce, da mai shan ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin estrojin, da wadda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai ƙiba. A nemi kujerar gefen hanya, a tashi a taka duk bayan awa ɗaya ko biyu, a riƙa motsa idon sawu ana zaune. Wadda ke cikin rukunin da na lissafa ta tambayi likita game da safa mai matse ƙafa.

Mai juna biyu ta sani cewa yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar wadda ta wuce mako 36, ko 32 idan tagwaye ne, kuma daga mako 28 sukan nemi takardar likita. A jirgin shata a lissafa da ranar dawowa, a kuma ƙara mata 'yan kwanaki, tunda ranar na iya gusawa.

Kukan jarirai lokacin sauka yawanci kunne ne ke toshewa. A ba shi nono ko abin tsotsa da zarar jirgi ya fara gangarowa, haɗiya ce ke buɗe kunnen. Kada a ba yaro maganin mura mai sa barci don ya yi shiru, wasu yaran ma ƙara birkice musu yake yi, kuma ga ƙanana yana da haɗari.

Daskarewar jini ba lallai ta nuna kanta a cikin jirgi ba. Tana iya bayyana bayan kwanaki, har makonni, lokacin da 'yan barka da sauka suka cika gida kowa na cewa gajiyar hanya ce. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura fiye da ɗaya, tana zafi ko ciwo a sha-raɓa, kada a murza ta, kada a gasa ta da ruwan zafi, a tafi asibiti a ranar. Idan kuma numfashi ya fara yankewa ko ƙirji na ciwo, a tafi nan take ko da tsakar dare ne, kuma abu na farko da za a faɗa wa likita ko nas shi ne an yi doguwar tafiya a jirgi, da ranar da aka sauka.